Uku Ko Takwas

Kwanan baya wasu samari biyu suka shigo shagona za su fitar da takardar neman aiki daga waya. Suna jiran inji ya yi zafi sai ɗayan ya hango wani abu a ƙarƙashin tebur lulluɓe da tsohon zani, ya ɗaga ya leƙa. Na ce masa injin fakis ne, da shi ake aika takarda ta layin tarho tun kafin a haife shi. Ya yi dariya ya ce, “Kai Baba, ashe ku a ɓagas kuka ci. Ka zura takarda, ka danna lamba, shi ke nan?” Akwai mutane a bayansa, sai na ci gaba da sallamarsu. Amma na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, don haka bari in faɗa muku yadda aikin yake, ni da na shafe shekara goma sha huɗu a kansa.

Danna lamba kowa ya iya. Aikin duk yana kan takardar ne, tun kafin ta kusanci bakin inji.

Aikin farko da aka ba ni shi ne cire fil. Maigidana Baba Bulus ne, mutumin kudancin Zariya, wanda ya yi aikin buga tafireta a ofishin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, sannan ya kama wannan shagon da nake ciki har yau, a bakin Sabon Gari, daidai inda take haɗuwa da Fagge. Mahaifina a tasha yake sayar da goro, a nan suka saba, kuma shi ya kai ni bayan na gama sakandare. A shagon akwai tafireta biyu, injin fotokofi ɗaya, tarho, da fakis ɗin. Wata uku ban taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Baba ya ba ni reza, rula ta ƙarfe, auduga, kwalbar sifirit, da wani ɗan ƙarfe mai haƙora na cire fil ɗin sitefila. Ya ce, “Habu, waɗannan su ne injinka.”

A sati na biyu wani lauya ya aiko da tulin takardun shari'a za a tura Legas. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cirewa, amma na tsallake wani rabin fil da ya karye ya maƙale a kusurwa. Ya shiga inji ya karce gilashin da ke karanta rubutu. Daga ranar duk takardar da muka aika sai ta isa da baƙin layi tun daga sama har ƙasa, yana ratsa duk kalmar da ya tarar a hanya. Baba bai zage ni ba. Ya zaunar da ni, ya ajiye shafin a gabana, ya ce in karanta masa da ƙarfi in tsallake duk harafin da layin ya ci. Ina cikin karantawa sunan wani mutum ya koma wani suna daban. Ya ce, “To ka gani. A can babu wanda zai san fil ne. Abin da ya fito shi za su ɗauka.” Sai da aka yi sati biyu kafin a samo wani gilashin.

Abin da ya fi maimaita mini shi ne inji ba ya gani irin na mutum, baƙi da fari kawai ya sani. Shuɗin biro yana fita a dushe, wani lokaci ya ɓace. Fensir kuwa kada ma ka ɓata lokacinka. Jan hatimi ko dai ya tafi gaba ɗaya, ko ya zama baƙin dunƙule ya cinye sa hannun da ke ƙarƙashinsa. Takarda mai launi, irin ruwan hoda ko koriya da kamfanoni ke yin rasit da ita, tana isa can kamar an shafa mata toka. Hoton fasfo, komai kyan mutum, baƙin tabo ne mai kunnuwa biyu. Saboda haka kusan babu takardar da muke zurawa yadda aka kawo ta. Sai an yi mata fotokofi a farar takarda, a ƙara duhu ko a rage, a ɗan ƙanƙanta ta, don inji yana cin gefe, kuma a gefen ne mutane ke son rubuta abin da ya fi muhimmanci. A sa lamba a kusurwar kowane shafi, ɗaya cikin shida, biyu cikin shida, don wanda ke can ya gane in wani ya ɓace a hanya. A buga shafin gaba: daga wa, zuwa ga wa, shafi nawa. Sannan kafin ka kira kowa, ka zura ta ka danna maɓallin kwafi na fakis ɗin kansa. Abin da ya tofo maka shi ne abin da za a gani a can. In kai ba ka iya karantawa ba, ka koma baya.

Wata rana da hantsi wani alhaji daga Kantin Kwari ya shigo da ƙyallen atamfa, ya shimfiɗa a kan tebur ya ce a aika masa da shi ƙasar Sin, yana so a yi masa irinta sak. Baba ya ce inji ba ya ɗaukar yadi, kuma ba ya ɗaukar launi. Alhaji ya ce shi dai an ce masa a nan ake yi. Haka na liƙa ƙyallen a gilashin taga, na ɗora siririyar takarda a kai, na bi zanen furannin da baƙin biro tun hantsi har la'asar. Kowane fure na sa masa lamba, a wani shafin kuma aka buga launinsa da Turanci. Alhaji na tsaye yana cewa, “Wannan jan ba ja ba ne kawai, ja ne irin na tattasai. Koren kuma irin na sabon ganyen darbejiya.” Ni kuma ina neman yadda zan faɗa wa mutumin da bai taɓa ganin darbejiya ba. Bayan wata huɗu kaya suka iso, zane ya fita daidai, koren ya zo wani iri. Alhaji ya tako har shago ya zage mu tas, washegari kuma ya dawo da wani ƙyallen.

Takardun 'yan kasuwa a aljihu suke kwana. Suna zuwa a ninke gida takwas, da gumi, da jan goro, wani lokaci da man tsire. Muna da ƙaramin dutsen guga a ƙarƙashin kanta. Ka shimfiɗa takardar tsakanin farare biyu, ka bi ta da ɗumi kaɗan har ta miƙe. Inda ta yage ka haɗa ta baya da salatef, ba ta gaba ba, don salatef yana ƙyalli inji ya ga baƙi. Amma takardar da ta fito daga fakis, mai sulɓin nan da ke zuwa a naɗe, ba a kai mata zafi, don da zafi ake rubutu a kanta. Wani ɗan kwangila ya ga muna guga, ya je gida ya goge tasa, ya dawo mana da shafi baƙi ƙirin yana rantsuwa wani abu muka yi masa. Ko ba guga, in ta yi 'yan watanni a aljihu ko a gaban mota rubutun tashi yake yi. Duk wanda ya karɓi saƙo sai mun ce masa ya yi fotokofi a take. Da yawansu suna zaton dabarar kasuwa ce.

Takarda mafi wuya da na taɓa shiryawa ta wani tsohon direban jirgin ƙasa ce, abokin Baba, takardar ɗaukarsa aiki da aka buga tun kafin a haife ni, ana nemanta a Legas kan maganar fansho. Kwafin kabon ce a kan takarda siririya kamar ɓawon albasa, ta bushe har in ka ɗaga ta gefenta na zubowa. Da robar da ke jan takarda ta taɓa ta, gari za ta koma. Baba ya sa na wanke hannu na shanya, na ɗauke ta da rula biyu na kwantar a gilashin fotokofi. Kwafi tara muka yi kafin ɗaya ya fita. Tsohon yana zaune yana kallonmu ko ƙiftawa ba ya yi, don in ta lalace babu wata a duniya.

Doka guda ce Baba bai taɓa sassautawa a kanta ba: bironka ba ya hawa rubutun wani. In rubutu ya dushe har fotokofi ya kasa tashe shi, mai takarda ya koma wurin wanda ya rubuta. In ba hali, ka ɗauki sabuwar takarda ka buga a tafireta abin da ake iya gani, inda ba a gani ka ce ba a gani, mai takarda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a haɗa da ta asalin a tura. Na sha ganin ya mayar da manyan mutane saboda wannan, suna faɗa suna cewa sifili ɗaya ne kawai, a zagaye shi a huta. Sai ya miƙa musu biro ya ce, “Ranka ya daɗe, takardarka ce, ka zagaye da hannunka.” Yawanci ba sa karɓa.

Bayan duk wannan sai yaƙi da layi. Kiran ƙasar waje sai ka buga lamba sau ashirin kafin ya shiga. In ya shiga ka kasa kunne. In ka ji tsuwwar nan mai tsini, ka danna ka saki. In mutum ne ya ɗauka yana magana da yaren da ba ka sani ba, ka yi ta ihu kana cewa fakis, fakis, har Allah ya sa ya gane ya juya. Takarda tana tafiya a hankali, kana tallafe da gefenta da yatsa biyu don kada ta karkace, ba ka ja ba, ba ka tura ba. Wuta na iya ɗaukewa a shafi na biyar. Layi na iya yankewa saura ƙiris a gama. Mai takarda yana tsaye a kanka kana jin numfashinsa a ƙeyarka. A ƙarshe inji ya fito da wata 'yar siririyar takarda mai cewa saƙo ya isa. Ita 'yar takardar nan ba ta san abin da ya isa ba, ta dai san wani abu ya isa, amma ita mutane ke ninkewa su sa a aljihu su tafi hankali kwance.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce shekarata ta tara a shagon. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika ramukan da wayoyin tarho ke bi a ƙarƙashin titi, abin da ruwa ya bari ɓarayin tagulla suka janye. Layinmu sai ya yi kwana huɗu a mace, ya farfaɗo na rabin awa, ya sake mutuwa. Ina aiki ina ɗaga kan tarho ina saurare, har ya zame mini jiki. Hodar injin fotokofi ta gaske ta yi wuyar samu, wadda ake kawo mana a leda kuwa toka-toka take fitarwa, ka shafa da yatsa ta goge. Manyan 'yan Kwari sun fara riƙe wayar hannu, sun rage zuwa. A cikin wannan hali yanar ido ta rufe wa Baba idanu duka biyu, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Kaduna a yi masa aiki. Ya danƙa mini makulli, na zama ni kaɗai.

Wata ranar Litinin Malam Ilu ya shigo. Na san shi a fuska. Ɗinkin dila yake yi a Kwari, shi ne in an ɗaure kaya za a loda a mota yake bin buhun da basilla da igiya yana rufewa. Dogo ne, ba ya da yawan magana, tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙirgi. Ya miƙo mini wani yagaggen kwali da aka rubuta doguwar lamba a kai. Ƙanensa Tasi'u ya tafi neman aiki wata ƙasa ta ƙetaren hamada shekara biyu da suka wuce. An yi kamen baƙi an haɗa da shi, fasfonsa ya ɓace a wajen kamen, yana tsare wata na biyar ke nan. Wani ɗan ƙasarmu da ke taimaka wa tsararru a can ya kira wayar wani alhaji a layin su Malam Ilu a Kwari, ya ce za a kwaso mutane a jirgi, amma sai wanda aka tabbatar da ko shi wane ne. A turo kwafin shafin fasfo da takardar ƙaramar hukuma ta wannan lamba kafin azahar ɗin Alhamis. Bayan nan an rufe karɓar suna.

Na ce, “Kana da kwafin fasfon?”

Ya ce, “Yana wajen Inna a Ɗanbatta. Da zai tafi ya bar mata.”

“To je ka kawo. Kada ka ƙara masa ninki, ka sa shi a tsakiyar littafi.”

Ya dawo ranar Laraba da hantsi. Mahaifiyar tasu a cikin kwalla ta ajiye takardar, a ninke gida huɗu, kuma ɗakinta ya yi yoyo a daminar. Na buɗe ta a hankali da bakin rula. Suna yana fita, ranar haihuwa tana fita. Lambar fasfon ta dushe amma ido na iya bi, sai dai ninkin ya ratsa ta kan lamba ta biyar ya cinye gefen hagunta. A dama ana ganin ciki biyu, ɗaya a kan ɗaya. Uku da takwas a dama kamarsu ɗaya, a hagu suke rabuwa. Hagun kuwa babu.

Na ɗauko gilashin ƙara girma na Baba na fita bakin ƙofa wajen haske. Na juya takardar ta baya, na ɗaga ta ga rana. Akwai wani ɗan ɗigo a hagu. Zai iya zama ragowar takwas, zai iya zama tsatsar kwalla. Na tambaye shi ko akwai wani wurin da aka rubuta lambar. Ya ce bai sani ba, shi bai yi boko ba. Na yi fotokofi sau uku ina ƙara duhu, hodar nan ta ba ni toka. Na gwada a fakis, lambar gaba ɗaya ta fito kamar sawun kiyashi. A haka babu mai iya karantawa.

Na san abin da ya kamata in yi. In sa takarda a tafireta, in buga lambar, in rubuta a ƙasa cewa ta biyar ba ta fita, ko uku ce ko takwas, su duba duka biyun. Aikin minti biyar ne. Har na zura takardar. Sai na ɗaga kan tarho kamar yadda na saba, na ji layi ya dawo bayan kwana uku. Mutanen da ke zaune a benci suka ga fuskata suka miƙe gaba ɗaya, kowa da takardarsa. Ban san minti nawa layin zai ba ni ba. Wani tunani kuma ya zo mini, cewa mutanen da ke da tulin sunaye a gabansu, in suka ga an ce ko kaza ko kaza, gefe za su tura takardar.

Na ce, “Malam Ilu, lamba ɗaya ba ta fita sosai.”

Ya ce, “Malam Habu, kai ne mai karatun. Abin da ka gani shi ne.”

Na ɗauki baƙin biro na bi kan lambobin a jikin kwafin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo ta biyar na rufe hagun. Takwas. Kira na huɗu ya shiga, shafi uku suka wuce ba gargada, 'yar takardar shaida ta fito. Malam Ilu ya karɓe ta da hannu biyu ya sa a cikin hularsa. Mutum biyu na ƙara sallama layi ya mutu.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan amsa ta faɗo a injina, ni na fara karantawa. Layi biyar ne da Turanci. Lambar da aka turo ta wata mata ce, ba ta Tasi'u ba. Ana ganin alamar an bi rubutun da hannu. An cire sunansa, an mayar da shi cikin waɗanda ake zargi da takardun jabu, su kuwa ba sa cikin wannan tafiya.

Na rufe shago na tafi Kwari. Na same shi a wani lungu bayan layin 'yan shadda, ya ɗora gwiwa a kan dila yana jan igiya. Na karanta masa, na fassara. Ya ce ta yaya lambar ƙanensa za ta zama ta mace. Na ce takardar ba ta nuna ba, ni na cike.

Ya ce, “Kai ka cike?”

“Ni na cike.”

“Ba ka gani ba?”

“Ban gani ba. Zato na yi.”

Ya sake soka basilla. Ya ci gaba da ɗinkinsa har ya kai ƙarshen dilar, ya ƙulle, ya yanke igiyar da haƙori. Masu dako suka zo suka ɗauke. Sannan ya goge hannu a riga ya ce, “To yanzu me ake yi?”

Mako guda muka yi muna neman lambar. A ƙarshe wani mai shirya wa mutane tafiya a Fagge, wanda Tasi'u ya bi ta hannunsa, ya tono mana wani tsohon fom a cikin buhun takardu. Uku ce. Na buga wasiƙa a tafireta, na bayyana cewa ni mai shago ne na bi rubutun da biro, ba mai fasfo ba, ba kuma danginsa ba. Na sa sunana da hatimin shago. Layi kuma ya ƙi dawowa. Na zaga Sabon Gari, na shiga cikin gari, ko'ina labarin ɗaya ne. A kwana na shida na shiga mota zuwa Kaduna na aika daga can.

Na biya wajen Baba Bulus. Yana zaune a tsakar gidan ɗansa, ido ɗaya a rufe da bandeji. Na ba shi labari tun daga farko. Bai tuna mini da dokarsa ba. Ya tambaye ni wace hoda ce a injin, ya tambaye ni ko na ɗaga takardar ga rana. Sannan ya ce, “Ka gaya wa mai takarda?”

Na ce na gaya masa.

“Da bakinka?”

“Da bakina, Baba.”

Ya ce, “To ka koma ka buɗe shagon. Kada ka sauya wuri. Mutumin nan zai buƙaci inda zai riƙa zuwa.”

Baba bai sake dawowa Kano ba. Idon bai yi kyau ba, daga baya ya sallama mini kayan aikin.

Amsa ta biyu ta fi ta farko gajarta. Jirgi ya riga ya tashi. Waɗanda suka rage an kwashe su zuwa wani sansani can cikin hamada, kuma mutumin nan mai taimaka wa tsararru ya ce hannunsa ba ya kaiwa can. Mun ƙara aikawa sau uku, shiru.

Bayan wata bakwai wani mutumin Gezawa da aka sako ya nemo Malam Ilu har Kwari. Ɗaki ɗaya suka zauna da Tasi'u. Ya ce tari ne ya kama shi lokacin sanyi, ya yi ta yi har ya fara fitar da jini, babu magani. Su suka yi masa salla a cikin ɗakin, masu gadi suka zo da mota suka ɗauki gawar. Inda aka kai ta bai sani ba.

Na je Ɗanbatta gaisuwa a kwana na uku da zaman makoki. Malam Ilu ya kai ni har ƙofar ɗakin Inna. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, tana zaune a tabarma da carbi a hannu. Ya ce, “Inna, ga Malam Habu, shi ne mai aika mana takardu.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ta ɗago ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. An ce har Kaduna ka je saboda shi. Allah ya saka maka.” Na ce amin. Aka kawo mini fura a kwanon sha, na sha, don ba yadda za a yi in ƙi.

Tun daga nan duk takardar da ta zo da shakka, ko harafi ɗaya ne, tafireta nake sa wa. An ce na cika ƙa'ida, wasu sun koma wani shagon. Layi ya sha mutuwa ina tsakiyar bugawa, mai takarda ya tafi yana zagina.

Bayan arba'in Malam Ilu ya zo da buƙata ɗaya. Inna ba ta neman komai, sunan garin da aka binne shi kawai take so, don ta riƙa ambata in tana addu'a. Na buga, shafi ɗaya, da manyan haruffa, da lambar fasfo ta gaskiya. Takardar ta tafi a kira na farko. Daga nan kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo ta shagon. Ba ya zama. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama ya ce, “An samu?” In ce, “Ba a samu ba tukuna.” Ya ce, “To, Allah ya sa a ji.” Ya wuce. Saboda shi ban taɓa barin injin ba takarda a ciki ba, ko lokacin da naɗin takardar ya yi wuyar samu a kasuwa. Inna ta rasu a shekara ta biyu. Bai daina zuwa ba.

Shekara biyar muka yi a haka. Masu kawo aikin fakis suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, har a yi wata guda ba a kawo ko shafi ɗaya ba. Sai aka zo gyaran titin gabanmu, aka tone ramin wayoyin aka cike shi da kankare. Na je ofishin tarho na tambaya, wanda na samu a wurin ya ce babu maganar mayarwa, layukan unguwar duka sun tafi. Ran Juma'a Malam Ilu ya zo kamar kullum. Na ce ya shigo. Na nuna masa wayar da ke fitowa daga bango, na ce masa layin ya tafi ke nan, lambar ma babu ita.

Ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya ce, “To in sun amsa yanzu, ina za ta faɗo?”

Na ce, “Babu inda za ta faɗo, Malam Ilu.”

Ya gyaɗa kai, ya gyara hularsa, ya ce mini sai an jima. Juma'ar da ta biyo baya ya wuce ta ɗaya gefen titin. Ya ɗago mini hannu daga can, bai tsallako ba.